Kujerar Ɗan Adawa a Lamba Tara

Litinin, 6 ga wata, 7:10 na yamma

Yau ma bai zo ba. Juma'a bai zo ba, yau bai zo ba.

'Yata ce ta ba ni littafin nan tun bara, wai in riƙa zuba masa surutuna ko kunnuwan jama'a sa huta. Ban taɓa buɗe shi ba sai yau.

Shekara goma sha ɗaya ina shiga bas Lamba Tara a Gidan Mai, shida da minti ashirin na safe, in sauka a Gada, in taka zuwa shagon tabarau inda nake yanka gilashi. Duk shekarun nan, in na shiga, ina tarar da jarida a ninke a kan kujerar kusa da ta ƙarshe, hannun hagu, jikin tagar da ta tsage. A Lamba Tara, jarida a kan kujera mutum ce. Ko motar ta cika maƙil ba mai taɓa ta.

Mai ajiye mini ita shi ne Ɗan Adawa. Ni na raɗa masa sunan, don in gwamnati ta ce gari ya waye, shi sai ya leƙa taga ya tabbatar. Shi kuma yana ce mini Minista, har duk motar ta ɗauka. Tun daga Tasha yake shigowa, inda bas ke tashi, ya wuce har Ofisoshi, inda take ƙarewa. A gidan waya yake aiki. Yakan ba ni shafin wasanni ya riƙe na siyasa, a Kasuwa mu yi musaya, daga nan mu kaure da gardama har Gada.

Ranar Alhamis mun ɗan yi sa-in-sa a kan sabuwar dokar sufuri. Ba wani abu ba ne. Mun sha yin wadda ta fi ta zafi.

Ranar 31 ga watan nan za a soke Lamba Tara.

Talata, 7 ga wata, 1:15 na rana, a shago

Bai zo ba. A tsaye na zo har Gada, hammatar wani a hancina.

Har yanzu ina kan bakana, dokar nan daidai ce. Manyan motoci sababbi a babban titi, kati maimakon neman canji, ba tsayawa a kowane lungu don wata ta manta jaka. Ƙasa ba ta ci gaba da tausayi. Na zaɓi mutanen nan da hankalina, ba kuma zan ji kunya ba.

Laraba, 8 ga wata, 6:50 na yamma

Nas, wadda ke sauka a Asibiti, ta zauna a wurinsa. Na gaishe ta, ta amsa da ka kawai, ta juya wa taga fuska. Matar nan da ta saba yi mana alƙalanci tana dariya.

Mura ce, ina jin. A shekarunsa mura ba ta sakin mutum da wuri.

Alhamis, 9 ga wata, 7:30 na yamma

Bai zo ba.

Asabar, 11 ga wata, 10:00 na safe

Na yi wanki, na share falo, na dafa shayi da yawa na zubar da rabi. Har yanzu hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba. Matata, Mamansu, tana gidan yayarta, wata na biyar ke nan. Hutawa ta je yi. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Abin da ke ba ni haushi: koci ya fitar da sunayen 'yan wasan ƙasa, kuma ya saka yaron nan lamba takwas. Shekara biyu Ɗan Adawa yana cika mini kunne da shi, ni ina cewa ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya, iska ma za ta ƙwace masa ƙwallo. Yanzu koci, wanda nake karewa kullum, ya bi ra'ayin Ɗan Adawa. Da yana nan da ya sa ni gaba tun daga Gidan Mai har Gada. Na ma shirya amsoshi uku masu kyau. Suna nan a bakina suna tsami.

Litinin, 13 ga wata, 1:20 na rana

Na ɗauki waya in kira shi, sai na tsaya ina kallonta. Ba ni da lambarsa.

Ba laifina ba ne, haka Lamba Tara take. Ba a tambayar suna, ba a tambayar gida. Akwai Nas, akwai Mai Hula, akwai Barci wanda bai taɓa ganin Kasuwa da idonsa ba, akwai Direba. In mutum ya yi kwana uku bai zo ba sai a ce Allah ya sa lafiya, a zauna a wurinsa. Mu muna ganin wannan shi ne mutunta juna.

Ban san sunansa ba. Na rubuta na sake karantawa, don in ga ko zai yi mini sauƙi. Bai yi ba.

Talata, 14 ga wata, 7:00 na yamma

Ministan sufuri na gaske ya yi jawabi a rediyon shago. Ya ce kowane ɗan ƙasa zai sami sabuwar tasha "cikin 'yar tafiya kaɗan". Da na tashi aiki na auna tawa 'yar tafiyar da agogo. Minti ashirin da bakwai, da hawa tudu. Mutumin nan tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa gudu yana bin bas da takalmi a hannu ba.

Ban ce dokar ba ta da kyau ba. Masu aiwatarwa ne.

Wannan jimlar ce Ɗan Adawa ya fi so in faɗa. Yakan cire tabarau ya goge hawayen dariya. Hannun tabaran na dama da baƙin zare ya ɗaure shi, ƙaramin noti ne ya faɗi. Shekara biyu ina ce masa gobe zan zo da wani in ɗaura masa. Aikin minti ɗaya ne, notin kuwa muna da shi cike da gwangwani.

Alhamis, 16 ga wata, 6:40 na yamma

Direbobi sun tafi yajin aiki. Na taka awa ɗaya da rabi. Titi cike da mutane kowa ya ɗaure fuska, ga 'yan sanda a Gada. An ce an ƙona taya a Kasuwa, ni hayaƙi kawai na gani.

Saura kwana goma sha biyar, ga shi yaji yana cinye su.

Lahadi, 19 ga wata, 6:30 na yamma

Mun ci, ɗaya da nema. Minti na tamanin da bakwai, lamba takwas, da ƙafar hagu, daga wajen da'ira. Na yi tsalle na buga gwiwa a teburi, na juya dama ina cewa "Ka gani!" Kujera ce kawai a wurin, da kayan guga a kanta.

Duk unguwa ihu ake. Na kashe talabijin na zauna. Kaɗaici ya ishe ni, gara in faɗa tunda littafi ba ya dariya.

'Yata ta kira. "Baba, ka kalli wasa?" Na fara yi mata bayanin yadda aka buɗe tsakiya, na yi nisa, sai na ji ta ce, "Baba, ni fa jarrabawata na kira in gaya maka." Na ce au, yaya jarrabawar? Ta ce ba komai, sai wani lokaci, katinta zai ƙare.

Litinin, 20 ga wata, 7:15 na yamma

Yaji.

Talata, 21 ga wata, 1:10 na rana

To, bari in rubuta abin da na faɗa ranar Alhamis ɗin nan.

Ya ce soke Lamba Tara zalunci ne, akwai waɗanda motar nan ce kaɗai ke fitar da su daga gida. Na ce ai matsalar ke nan. Na ɗaga murya, don na ga bayan mota duk ana saurare, ni kuwa in na ga ana saurare ba na sanin birki. Na ce rabin masu cika motar nan ba inda za su, zaman kashe wando ne a kan taya. Na ce tsofaffin da suka gama nasu su zauna a gida, su bar wa masu aiki kujera.

Ya ninke shafin siyasa a hankali ya ɗora a cinyata, ya ce, "Ka yi gaskiya, Minista." Na sauka a Gada ina jin daɗi, wai yau na kayar da shi.

Ban ga abin fushi a ciki ba. Ba da shi nake ba. Shi ai ma'aikaci ne.

Alhamis, 23 ga wata, 7:40 na yamma

An janye yaji jiya. Gwamnati ba ta janye komai ba.

Na roƙi mai shago rabin yini. Yau ban sauka a Gada ba, karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Ashe bayan Gada akwai wata doguwar hanya mai itatuwa, akwai makarantar makafi, akwai wurin da ake sayar da tukwanen fure. Nas ta sauka a Asibiti, Barci ya farka kamar an taɓa shi ya sauka, har muka isa Ofisoshi ni kaɗai.

A gidan waya na rasa abin da zan tambaya. Na ce wa matar da ke kan kanta ina neman wani dattijo, dogo, mai tabarau ɗaure da zare, ba ya son gwamnati. Ta ce, "Malam, ai duk nan ba mai son ta." Ta kira wani daga ciki, mai furfura. Shi ya gane nan take, ya yi dariya.

"Mai rarraba wasiƙu! Ai ya yi ritaya, shekara uku ke nan. Tun bayan rasuwar matarsa ba mu sake sa shi a ido ba. Kai ɗan'uwansa ne?"

Na ce a'a. Na ce tare muke shiga mota. Har na fito ban tuna na tambayi sunansa ba, kuma kunya ta hana ni komawa.

Lamba Tara tana nan a inuwa, Direba yana cin burodi a kan sitiyari. Na tsaya a ƙofa na ce, "Direba, in ba aiki yake zuwa ba, ina yake sauka?"

Ya gama taunawa tukuna. "Ba ya sauka, Minista. Nan yake zama, in huta minti goma, mu koma tare. Ya biya kuɗin zuwa, ya biya na dawowa. Shekara uku."

"To me yake zuwa yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko taya zagayayya ce. "Wa yake ajiye wa jarida?"

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ya ce, "Ka taɓa tambaya? Kuma shi Baban ne ya ce kada in faɗa. Wai in ka sani za ka riƙa raga masa a gardama, shi kuwa ba ya son sadaka."

Na koma na zauna a kujerarmu. Direba bai karɓi kuɗin dawowata ba.

Juma'a, 24 ga wata, 6:05 na safe

Ya zauna a gida. Ya bar wa mai aiki kujera.

Asabar, 25 ga wata, 5:45 na yamma

Tun safe ina Tasha. Mai jarida ya san shi sarai: "Baba mai ƙorafi? Kullum shi ne cinikina na farko. Tun farkon wata ban gan shi ba." Ya ce ta lungun bayan tankin ruwa yake fitowa. Na shiga lungun, ya rabu uku, kowanne ya sake rabuwa. Na tambayi tela, na tambayi mai kemis, na tambayi wasu mata a bakin famfo. Kowa tambaya ɗaya yake mini: yaya sunansa? Wata ta ce, "Abokinka ne amma ba ka san sunansa ba? Wane irin aboki ke nan?" Sauran suka kwashe da dariya. Na taya su.

Na bar wa mai jarida takarda. Na yi ta rubutawa ina yagawa, a ƙarshe abin da na iya kawai shi ne: "Lamba takwas ya iya ƙwallo. Minista."

Lahadi, 26 ga wata, 4:00 na yamma

Ranar da Mamansu za ta tafi, ba ta yi faɗa ba. Tana ɗaure bakin jaka ta ce, "Shekara ashirin da shida, ka taɓa tambayata yaya na wuni ka tsaya ka ji amsa?" Na tuna na fara yi mata bayanin cewa ba haka ba ne, kuma na ba da misalai.

Na ce ba zan rubuta ba. To na rubuta.

Talata, 28 ga wata, 1:00 na rana

Bai zo ba. Takardar tana nan wurin mai jarida.

An fara kafa allunan sabuwar tasha, da hoton Shugaba yana murmushi a jikin bas ɗin da ba zai taɓa shiga ba. A takardar dokar an rubuta cewa Lamba Tara "ba ta da isassun fasinjoji masu buƙata". Ina so in ga wanda ya auna buƙatar, da me ya auna. Ko da yake na san shi. Irina ne, yana da murya, kuma ana sauraronsa.

Alhamis, 30 ga wata, 7:00 na yamma

Na sa noti biyu da ƙaramin sukudireba a aljihun riga. Na ce wa mai shago gobe zan makara. Gobe ce ta ƙarshe. In bai zo ba, shi ke nan, garin nan ya fi ƙarfin a nemi mutum da zaren tabarau.

Juma'a, 31 ga wata, 6:20 na yamma

Biyar da rabi ina Tasha. Na sayi jarida, na ninke ta yadda yake yi, na ɗora a kan kujerarsa, na zauna a tawa. Motar ta cika fiye da kullum, har waɗanda suka daina shiga sun zo. Mutum uku suka nufo kujerar, suka ga jarida, suka wuce.

Direba ya tayar da inji. Ya bar shi yana ƙugi, bai taka ba. Sai na hango shi ta tsagaggiyar taga, yana tahowa daga wajen tanki, ba jaka, ya rame. Ya tsaya wurin mai jarida, aka miƙa masa takardata, ya karanta, ya sa a aljihu, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya hau, ya riƙe hannun Direba ya daɗe. Aka yi ta buɗa masa hanya har baya.

Ya dubi jaridar. "Da mutum a nan?"

"Da mutum."

"To," ya ce, ya kama ƙarfe ya tsaya.

"Malam, don Allah ka zauna. Kai ne mutumin."

Ya zauna. "Ba don kai na zo ba. Direba na zo yi wa sallama."

Na miƙa masa shafin siyasa. Muka wuce Gidan Mai, Nas ta shigo ta gan mu, ta ce alhamdu lillahi a fili. Har Kasuwa na danne bakina, abin da ya fi yanka gilashi wuya. A Kasuwa ya miƙo hannu muka yi musaya.

Na ce, "Maganar da na faɗa ran nan, ka yafe mini. Ban sani ba."

"Da ƙarya ka yi da ban ji zafi ba, Minista."

Na ce ya ba ni tabaran. Ya cire ya miƙo mini. Na warware zaren, amma mota tana tsalle, noti na farko ya faɗi ya ɓace a ƙarƙashin ƙafafu. Da muka iso Gada Direba ya tsaya, ya kashe inji gaba ɗaya. Aka fara ƙorafi daga gaba, ya ce, "Yau ce ta ƙarshe, wanda ke sauri ya jira sabuwar." Na ɗaura notin. Bai kai minti ɗaya ba.

Ya saka, ya kalle ni. "Ga Gada. Ba ka sauka?"

"Ba inda za ni. Zaman kashe wando na zo."

Bai so ba, amma dariyar ta ƙwace masa.

A Ofisoshi muka rage mu biyu da Direba. Na ce, "Malam, yaya sunanka?"

Ya nuna katin shago da ke maƙale a aljihuna. "Shekara goma sha ɗaya ina karanta naka a ƙirjinka. Na san sunan 'yarka, na san abin da take karanta, na san ranar da uwarta ta tafi, duk kai ka gaya mini. Faɗa mini abu ɗaya nawa da ka sani."

Na yi ta lalube. Na ce, "Ba ka son koci."

"Shi ma na fara son sa," ya ce.

Ya zaro biro ya yi rubutu a gefen shafin wasanni: suna, lungu, launin ƙofa. Ya ce talabijin ɗinsa ƙarama ce amma tana nuna ƙwallo, akwai wasa ranar Lahadi. Ya ce in zan zo in zo da kunne, baki yana da nasa.

Yanzu ina falo. Na faɗi sunan sau uku a fili, ni kaɗai, don harshena ya saba. Sannan na kira gidan yayarta na ce a ba ni Mamansu. Da na ji muryarta na ce, "Yaya kika wuni?" Na ja bakina na yi shiru.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Na jira.